Kujerar Alƙalin Alƙalai Ta Yi Wa Mutum Ɗaya Nauyi



Duk lokacin da aka taɓa wani babban alƙali a ƙasar nan, tambayar farko da ake yi a majalisun hira ita ce, ɗan ina ne? Idan ɗan Arewa ne, sai a ce an yi masa ƙulli saboda asalinsa. Idan ɗan Kudu ne, sai maƙwabtanmu su ce 'yan Arewa ne suka ture shi don su ɗora nasu. Haka aka yi a 2019 lokacin da aka dakatar da Walter Onnoghen, haka kuma aka yi a 2022 lokacin da Ibrahim Tanko Muhammad ya ajiye aiki. Mu a wajenmu wannan tambaya ɓata lokaci ce. Abin tambaya shi ne: wane irin iko aka tara a hannun mai kujerar, kuma wa ke da hurumin ce masa a'a? Matsayinmu shi ne an ɗora wa Alƙalin Alƙalan Najeriya kayan da bai kamata mutum ɗaya ya ɗauka ba, ko daga wane gari ya fito, kuma talaka ne ke biyan kuɗin wannan ganganci.

A zamanin Sir Adetokunbo Ademola, ɗan Najeriya na farko da ya riƙe kujerar daga 1958 zuwa 1972, babban aikin Alƙalin Alƙalai shi ne jagorantar abokan aikinsa a zaman shari'a. Ana auna shi da ingancin hukuncin da ya rubuta. Amma Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sake fasalin kujerar baki ɗaya, domin shi ya kafa Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, ya kuma sa Alƙalin Alƙalai ya zama shugabanta. Wannan majalisa ce ke miƙa wa shugaban ƙasa da gwamnoni sunayen waɗanda za a naɗa manyan alƙalai. Ita ke ladabtar da su, ita ke ba da shawarar a kore su, ta hannunta kuma kuɗin ɓangaren shari'a ke bi.

To ku duba yadda aka tsara ta. Mambobinta 24 ne, kuma 19 daga ciki Alƙalin Alƙalai ne ke naɗa su: tsoffin alƙalai biyar da suka yi ritaya, manyan jojin jihohi biyar, Girandi Kadi ɗaya, shugaban kotun ɗaukaka ƙara ta gargajiya ɗaya, lauyoyi biyar da ƙungiyar lauyoyi ta ba da sunayensu, da mutum biyu waɗanda ba lauyoyi ba da shi ya ga masu mutunci ne. Ba a nan abin ya tsaya ba. Shi ne shugaban hukumar ma'aikatan shari'a ta tarayya, wadda ke tace sunaye ta aika wa NJC. Ma'ana, shi ke kan teburin da ake rubuta sunayen, shi ke kan teburin da ake zaɓe daga cikinsu. Shi ne shugaban hukumar gudanarwar cibiyar horar da alƙalai ta ƙasa. Shi ne shugaban kwamitin da ke bai wa lauyoyi lambar SAN. Shi kuma ke zaɓar alƙalan da za su zauna kan kowace shari'a a Kotun Ƙoli. Ko ƙungiyar 'yan kasuwa ce, ba za mu yarda shugaba ya zama shi ne ma'aji, shi ne mai binciken kuɗi, shi ne mai naɗa kwamitin ladabtarwa ba.

Kada wani ya ce surutun 'yan waje ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar 27 ga Oktoba, 2023, Mai Shari'a Musa Dattijo Muhammad, wanda a lokacin shi ne na biyu a girma a Kotun Ƙoli kuma mataimakin shugaban NJC, ya yi jawabin bankwana da ya girgiza ƙasa. Ya ce ikon da ke hannun Alƙalin Alƙalai ya wuce kima, kuma mai kujerar ba ya buƙatar shawarar kowa kafin ya yi naɗe-naɗensa, har da shi mataimakin. Ya ce kasafin ɓangaren shari'a ya tashi daga naira biliyan 70 a 2015 zuwa biliyan 165, amma ba a ga canjin a rayuwar alƙalai ba, ya nemi a bincika inda kuɗin ke tafiya. Ya kuma nuna cewa an bar kotun ta zube har alƙalanta suka koma 10, alhali doka ta ba da damar 21 ban da shugabansu. Sai a watan Fabrairun 2024 aka rantsar da sababbi 11. Dattijon da ya shekara arba'in da wani abu a harkar shari'a ba zai tashi ranar tafiyarsa ya faɗi haka don neman suna ba.

Kafin shi ma an ga alama. A watan Yunin 2022 alƙalan Kotun Ƙoli 14 suka haɗu suka rubuta wa shugabansu, Tanko Muhammad, takardar koke, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin kotun. Me suka koka a kai? Gidajen zama, motoci, wutar lantarki da man janareta, intanet, rashin mataimakan bincike, da tafiye-tafiyen ƙaro ilimi. Bayan 'yan kwanaki, ranar 27 ga watan, ya yi murabus bisa dalilin rashin lafiya. Wasu suka ce an ci amanar ɗan Arewa, amma a cikin waɗanda suka sa hannu akwai 'yan Arewa. Abin da ya kamata ya ba mu kunya a matsayin ƙasa shi ne, mutumin da aka ɗora don ya warware mafi wuyar shari'o'i an mayar da shi mai rabon man dizal. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma wanda ya jagoranci masu koken, Olukayode Ariwoola, da ya hau kujerar, a zamaninsa ne Dattijo ya yi wancan jawabi. Mai kuka jiya shi ne ake kuka da shi yau, domin kujerar ba ta canza ba.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Suna cewa an tara ikon ne don a kare alƙalai daga gwamnoni da shugaban ƙasa, domin ƙasar ta fito daga mulkin soja, lokacin da ake korar alƙali da sanarwar rediyo. Gaskiya ne, gwamnatin Murtala ta sauke Taslim Elias daga kujerar a 1975. Amma shin tsarin ya yi aikin da aka yi shi dominsa? A watan Oktoban 2016 jami'an DSS suka fasa gidajen manyan alƙalai da tsakar dare, har da na Kotun Ƙoli. Ranar 25 ga Janairu, 2019, ana saura 'yan makonni zaɓe, Shugaba Buhari ya dakatar da Onnoghen bisa umarnin Kotun Ɗa'ar Ma'aikata wanda aka bayar ba tare da an saurari ɓangarensa ba, alhali sashe na 292 ya ce sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa ake cire shi. A watan Nuwamban 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin da aka yi masa ta sallame shi, bayan kujerar ta riga ta tafi. Ina kariyar? Idan aka tara ikon gida duka a wuyan mutum ɗaya, mai son kama gidan ba ya buƙatar wahala, wuya ɗaya kawai zai shaƙe.

Akwai kuma tambayar da babu mai son amsawa: idan shi shugaban ne ake zargi fa? A 2011 shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, Mai Shari'a Ayo Salami, ya yi zargin cewa Alƙalin Alƙalai na lokacin, Aloysius Katsina-Alu, ya nemi ya sa baki a shari'ar zaɓen gwamnan Sakkwato. Katsina-Alu ya musanta. Wa ya zauna kan maganar? NJC, majalisar da doka ta ba wanda ake zargin ikon naɗa mafi yawan mambobinta. A watan Agustan shekarar aka dakatar da Salami. A 2012 majalisar da kanta ta ba da shawarar a mayar da shi, gwamnatin Jonathan ba ta mayar ba, har ya yi ritaya a 2013. Ba mu ce wane ne mai gaskiya a cikinsu ba. Muna cewa tsarin da ba zai iya raba gardama tsakanin manyan alƙalai biyu ta hanyar da jama'a za su gamsu ba, ya gaza tun daga tushe.

Batun naɗi ma haka yake. A 2023 aka rantsar da ɗan Ariwoola alƙalin Babbar Kotun Tarayya, lokacin da mahaifinsa ke shugabantar hukumomin biyu da sunan ya bi ta cikinsu. Mai yiwuwa ya cancanta, domin ɗan alƙali ba ya rasa haƙƙinsa na zama alƙali. Amma ta yaya za a gamsar da ɗan mai gadi da ya yi karatun lauya da kuɗin dako cewa an yi gasar da adalci? A shekarar ce kuma Sanata Adamu Bulkachuwa ya tsaya a zauren Majalisar Dattawa yana alfaharin cewa ya taɓa shiga aikin matarsa, wadda ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara, don taimakon abokansa 'yan siyasa. Ita ta fito ta musanta. Ko ba komai, maganar ta nuna yadda 'yan siyasa ke kallon shugabannin kotuna: ƙofa ce da ake bi a nemi alfarma.

Wasu za su ce a samo mutumin kirki kawai, magana ta ƙare. Mun taɓa samu. Mai Shari'a Aloma Mukhtar, mace ta farko da ta riƙe kujerar, ta nuna ba sani ba sabo. A zamaninta ne aka dakatar da alƙalin da ya ba wanda ya wawure kuɗin fanshon 'yan sanda zaɓin biyan tarar naira 750,000, aka kuma yi wa wasu ritayar dole. Amma daga Yulin 2012 zuwa Nuwamban 2014 kawai ta yi. Wannan shi ne ɗaya ciwon. Mohammed Bello ya riƙe kujerar daga 1987 zuwa 1995, Muhammadu Lawal Uwais daga 1995 zuwa 2006. Tun bayan Uwais zuwa 2024, mutum goma ne suka hau. Alfa Belgore wata bakwai ya yi, Dahiru Musdapher bai cika shekara ba. Dalili kuwa, al'ada ta sa ana bin layin girma, kowa na jiran na gabansa ya cika shekara 70. Kundin Tsarin Mulki bai ce haka ba, abin da ya nema shi ne mutum ya shekara 15 da zama lauya. Elias ma daga kujerar babban lauyan gwamnatin tarayya aka ɗauko shi a 1972. Yanzu mun haɗa abu biyu marasa kyau: iko marar iyaka, a hannun mutumin da ya san saura kaɗan ya tafi gida.

Wani zai ce, mu da ke neman abincinmu a Mile 12 da Agege da Sabon Ibadan da kasuwannin Fatakwal, ina ruwanmu da rigimar manya a Abuja? Ruwanmu da tsaki. Shugaban da lokacinsa ya tafi kan naɗe-naɗe da kasafi da shari'ar 'yan siyasa ba shi da lokacin shari'ar talaka. Doka ta ba ƙarar zaɓe kwana 180 a kotun sauraron ƙorafi da kwana 60 a ɗaukaka ƙara, kuma tun bayan gyaran 2010 shari'ar zaɓen gwamna ma sai ta kai Kotun Ƙoli. Shari'ar fili ko ta shago ko ta gado kuwa ba ta da wa'adi, tana iya cin shekara goma tana jiran layi, mai ƙara ya mutu ya bar wa 'ya'yansa. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Ko su shari'o'in manyan da ake ba fifiko, mun ga yadda ake yi da su. A Nuwamban 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta karanta hukuncin tsige gwamnan Kano, sai takardar hukuncin da aka buga wa hatimi ta fito da wani sashe da ke cewa akasin haka, aka ce kuskuren rubutu ne. A Mayun 2024, kan rikicin masarautar Kano, kotun tarayya ta ba da umarni, kotun jiha ta ba da kishiyarsa, har Alƙalin Alƙalai ya kira shugabannin kotunan biyu. A 2021 ma an kira manyan jojin jihohi shida kan irin wannan. Ana kira, ana gargaɗi, abin na sake dawowa. Idan za a yi wa jiha mai mutum miliyoyi haka a bainar jama'a, me ake yi wa ɗan acaba a kotun tafi-da-gidanka, inda babu ɗan jarida ko ɗaya?

A nan ne babban jojin jiha ya shigo, domin shi ne shugaban alƙalan da ya fi kusa da mu. Shi ke shugabantar hukumar da ke ɗaukar majistare, shi ke raba shari'o'i ga alƙalai, shi kuma doka ta ba ikon shiga gidan yari ya saki wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, ko wanda zaman jiransa ya wuce hukuncin laifin da ake tuhumarsa. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Baƙo marar dangi a gari, marar mai tsaya masa beli, wanda ba ya jin Turanci ko Yarabanci ko Ibo, shi ya fi kowa saurin ɓacewa a cikinsu. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a ba shi tafinta kyauta. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda kowane wata ya duba waɗanda ke tsare. Waɗannan dokoki suna nan a rubuce. Mai sa su yi aiki shi ne babban joji, idan ya ɗauki hakan a matsayin shugabanci.

Amma babban jojin da ke jiran gwamna ya saya wa alƙalansa motoci, yaya zai ɗaga kai? Ma'aikatan kotuna sun rufe kotunan ƙasar nan wata biyu a 2021 suna neman a sakar wa ɓangaren shari'a kuɗinsa kai tsaye. A 2024 an ƙara wa alƙalai albashi da kashi 300 cikin ɗari, kuma mun yi maraba da hakan. Sai dai a shekarar ce ministan Abuja ya ƙaddamar da ginin gidaje 40 na alƙalai a Katampe, da biki da jawabai. Gidan alƙali haƙƙinsa ne, a cikin kasafin kotu ya kamata ya fito. Idan ya zo a matsayin kyautar ɗan siyasa mai shari'o'i a gaban kotu, ko alƙalin waliyyi ne, zuciyar wanda ya faɗi a shari'a ba za ta kwanta ba.

Ba mu ne farkon masu wannan ciwo ba. Ingila ta yi doka a 2005 da ta kafa hukumar naɗa alƙalai mai zaman kanta, kuma shugabanta ba alƙali ba ne, ba lauya ba ne. Kenya, bayan kundinta na 2010, ta tallata kujerar Alƙalin Alƙalai, aka yi wa masu nema tambayoyi a talabijin kowa na gani, aka ɗauki Willy Mutunga a 2011 daga wajen layin alƙalai. A can alƙalai da lauyoyi ke zaɓar wakilansu a hukumar shari'a. A 2017 Kotun Ƙolin Kenya ta soke zaɓen shugaban ƙasa mai ci. Su ma suna da nasu matsalolin, amma sun nuna ƙasar Afirka za ta iya.

Adalci ne mu faɗi cewa a ƙarƙashin Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun, wadda ta hau a 2024, an ga motsi. NJC ta ba da shawarar yi wa babbar jojin Imo da Girandi Kadin Yobe ritayar dole kan sauya shekarun haihuwa, ta kuma fara buga sunayen masu neman alƙalanci don jama'a su faɗi abin da suka sani a kansu. Mun yaba. Amma abin da shugaba ɗaya ya kawo da ra'ayinsa, na bayansa na iya ɗauke shi da ra'ayinsa. A 2028 za ta cika shekara 70. Sai an sa gyaran a cikin doka zai zauna.

Don haka ga abin da muke nema. A raba shugabancin NJC da kujerar Alƙalin Alƙalai. Kowane rukuni ya zaɓi wakilinsa da kansa: manyan jojin jihohi su zaɓi nasu, Girandi Kadi su zaɓi nasu, lauyoyi su zaɓi nasu. A raba hukumar naɗi da ta ladabtarwa, a kuma fito da hanyar binciken shi kansa shugaban wadda ba ta bi ta hannun waɗanda ya naɗa. A ba kujerar wa'adi tsayayye, a tallata ta, a tantance masu nema a fili. Kuɗi da gine-gine da motoci su koma hannun ƙwararren ma'aikaci, a riƙa buga lissafin kowace shekara. Rabon shari'o'i ya bi ƙa'ida rubutacciya da kowa ya sani. A kuma rage nau'in ƙararrakin da ke isa Kotun Ƙoli.

Mu ma akwai namu aikin. Kowane reshe ya tattara sunayen mutanenmu da ke jiran shari'a a gidan yarin yankinsa, da ranar da aka kama su da kotun da ke da maganar, a miƙa wa ofishin babban jojin jiha a rubuce kafin ziyararsa. Masu jin Turanci a cikinmu su ba da sunayensu a rajistarar kotu don aikin tafinta. Wanda alƙali ya zalunta, NJC na karɓar ƙorafi a rubuce tare da takardar rantsuwa, cikin wata shida da faruwar abin, kada a tsaya zagi a Facebook har lokaci ya wuce. Kuma 'yan majalisar da muke zaɓa, na inda muke zaune da na gida, mu tambaye su matsayinsu kan gyaran NJC tun kafin su zo neman ƙuri'a.

Mu daina auna Alƙalin Alƙalai da sunan garinsu. Ranar da aka gurfanar da ɗan uwanmu a Ikeja ko Onica, ba asalin wanda ke Abuja zai fitar da shi ba, ingancin tsarin ne zai fitar da shi. Allah Ya ba mu shugabanni masu adalci, Ya fitar da duk wanda ke tsare ba da haƙƙinsa ba.

Daga ofishin Sakatare.